Uku Sau Uku Biyar, In Ji 'Yan Liƙe

'Yan liƙe! E, da ku nake, kada wani ya waiwaya yana neman wanda ake kira. Ku masu rubuta manhaja, waɗanda in kuna son kwamfuta ta yi wani lissafi, ko ta zaƙulo wani abu daga rumbun bayanai, sai ku yanko guntun rubutu nan, ku yanko wani can, ku jona su da alamar tarawa, ku miƙa mata ku ce ga shi, karanta ki aikata. Na hango Malam can baya ya riga ya taɓe baki. Hajiya kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta danne-dannenta, wai ita aiki ne a gabanta. To, ku ara mini kunne kaɗan. Tambaya ɗaya ce da ni, ta 'yan aji biyu na firamare: uku sau uku nawa?

Tara ko? Madalla. Bari mu tambayi harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a farkon shekarun 1970, kakan yawancin harsunan da kuke cin abinci da su yau. A cikinsa akwai wani ɗan hadimi da yake bin kod kafin a fassara shi, ba shi da aiki sai musanya rubutu da rubutu. Ka ce masa duk inda ya ga NINKI(x) ya sa x*x. Ka kawo masa NINKI(3), ya ba ka 3*3, tara, lafiya lau. Ka kawo masa NINKI(1+2), wanda shi ma uku ne ko a gaban alƙali, sai ya rubuto maka 1+2*1+2. Ita kuma kwamfuta ta bi dokar da aka koya mana duka a makaranta, ninkawa kafin tarawa: biyu sau ɗaya biyu, a ƙara ɗaya, a ƙara biyu. Biyar. Ba ta yi ƙara ba, ba ta nuna jan rubutu ba, ta miƙo maka biyar ɗinka da ladabi ta koma ta zauna.

Hadimin nan bai yi laifin komai ba. Ɗan gidanku ne. Haruffa yake gani jere, ba ya ganin cewa 1+2 abu guda ne da bai kamata a raba shi ba.

Kuma duk maganar da zan yi yau a nan take. Kowace jimlar lissafi, kowane umarni, yana da siffa, wato me ke ƙarƙashin me, me za a fara yi, me zai jira. In kwamfuta ta karɓi rubutu, abin da take fara yi shi ne ta feɗe shi, ta mai da shi abin da masu sana'ar suke kira bishiya. A can sama akwai aikin da za a yi a ƙarshe, a misalinmu ninkawa. Ƙarƙashinsa rassa biyu, kowane reshe ko dai lamba ce, ko wani aikin ne mai nasa rassan. A bishiya babu baka biyu, babu gardamar wa ya riga wa, domin wurin da abu yake rataye ya riga ya faɗi matsayinsa. Saboda haka hanya biyu ce a gabanka. Ko ka rubuta zaren haruffa ka bar kwamfuta ta fitar da siffa daga cikinsa yadda dokokinta suka nuna mata, ko ka gina siffar da kanka, reshe bayan reshe, ka miƙa mata a gine. Ka ce mata: ga tarawa mai ɗauke da 1 da 2, ga ninkawa mai ɗauke da wannan tarawar hagu da dama. A haka ko ta so, ba ta da hanyar kawo biyar.

Kada wani ya ce sabon yayi ne na yaran zamani. John McCarthy ya fara harshen Lisp a jami'ar MIT a 1958, kuma a Lisp abin da kake rubutawa shi ne bishiyar kanta: (* (+ 1 2) 3). Abin dariyar shi ne, McCarthy bai yi niyyar mutane su riƙa rubutu haka ba. Ya tanadi wani salon rubutu mai kama da lissafin makaranta, wanda za a riƙa juyawa zuwa wannan mai yawan baka. Sai ɗalibinsa Steve Russell ya zauna ya mai da aikin eval, mai karanta Lisp ya aikata, abin da kwamfutar IBM 704 za ta iya gudanarwa, mutane suka fara aiki da salon baka-baka, suka saba, kyakkyawan salon nan kuwa ba a taɓa kammala shi ba. Zuwa 1963 Timothy Hart ya kawo shawarar yadda manhaja za ta karɓi bishiya ta sarrafa ta ta fitar da wata bishiyar. Shekara sittin da ɗoriya ke nan. Na san za ku ce Lisp ciwon ido ne, baka a buɗe baka a rufe har mutum ya rasa inda yake. Ban musa ba. Ban ce kowa ya koma Lisp ba, ni ma ina son idona.

"Allah gafarta Malam, ai wannan labarin C da Lisp na tsofaffi ne. Mu SQL muke rubutawa, harshe ne mai sauƙi kamar magana."

Yauwa ƙanena, zauna nan kusa da ni. Mu ce kana yi wa wani kanti manhajar bin bashi. Mai kanti yana son sunayen masu bashi na garuruwa biyu, a tura musu saƙon tuni. Wani ɓangare na kod ɗinka ya haɗa sharaɗin gari: gari = 'Zariya' OR gari = 'Kano'. Wani ɓangaren, wanda ka rubuta wata uku bayan wancan, ya liƙa masa wutsiya: AND bashi > 0. Kowanne in ka dube shi shi kaɗai daidai yake. Amma a dokar SQL, AND ya riga OR, kamar yadda ninkawa ta riga tarawa. Abin da rumbun zai fahimta shi ne: kawo Kanawan da ake bi bashi, sannan kawo duk wani mutumin Zariya, ana bin sa ko ba a bin sa. Gari ya waye duk Bazazzagin da ya taɓa sayen ko da ashana a kantin nan ya sami saƙo cewa ya zo ya biya. Na san Kanawan da ke cikinku za su ce ai kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, hangen nesa ne. Ku bari a juya sunayen garuruwan mu ga ko dariyar za ta ci gaba.

Da SQLAlchemy ka yi, ɗakin kayan aikin Python da Michael Bayer ya fara fitarwa a 2006, sharaɗin gari abu ne guda da aka gina da or_, ka saka shi cikin and_ tare da sharaɗin bashi, shi kuma in ya zo fitar da rubutu ya sa baka biyu inda ya dace ba tare da ka roƙe shi ba. Masu Java suna da jOOQ. Masu C# tun 2007 Microsoft ta ba su LINQ, inda sharaɗin da ka rubuta yake iya zama bishiya da manhaja za ta bi reshe-reshe ta juya ta zuwa SQL.

Kafin mu wuce, wata 'yar tambaya, kuma ban ce kowa ya ɗaga hannu ba. Wa ya taɓa fara umarni da WHERE 1=1, ba don komai ba sai don kowane sharaɗi da zai biyo baya ya sami damar farawa da AND? Wa ya taɓa jera sunaye da waƙafi, sannan ya rubuta layi na musamman mai datse waƙafin ƙarshe? Wa kuma jerin ya taɓa zo masa babu komai a ciki, layin datsewar ya rasa waƙafi ya datse wani abu daban? Na ga ana sunkuyar da kai. Ku ɗago, duk gida ne.

"To shi ke nan, daga yau zan riƙa sa baka biyu ko'ina. Magana ta ƙare."

Ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe, yanzu ma ta fara, domin har yanzu kai kaɗai ne kake rubutu. Ba mu kai inda baƙo yake sa hannu ba. Ga akwatin neman suna a manhajarka. Kana ɗaukar abin da aka rubuta a ciki, ka sa shi tsakanin alamun zance guda-guda, ka liƙa a umarni. Audu ya zo ya wuce. Binta ta zo ta wuce. Sai Sa'idu ya zo. Abin da ya isa rumbu shi ne suna = 'Sa'idu'. Alhamzar da ke tsakiyar sunansa ita ce dai alamar da SQL yake rufe zance da ita. Rumbu ya karanta Sa, ya ga an rufe, ya ci karo da wani idu da bai san daga ina ya fito ba, sannan ga wani zance an buɗe ba a rufe ba. Manhaja ta faɗi. Turawa da O'Brien na ƙasar Ailan suke ba da wannan misali, mu kuwa ba ma bukatar aro. Muna da A'isha, Mu'azu, Isma'il, Sa'adatu, Rabi'u, ga garin Jama'are, ga duk wata kalma da ta fara da 'yan ko 'yar. Marigayi shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa har biyu gare shi, ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suke rubuta ƴ mai ƙugiya sun kauce wa rabin wahalar, amma kada su yi murna da wuri, Sa'idu yana nan a Maraɗi da Damagaram.

Me ɗan liƙe yake yi in haka ta faru? Wani sai ya hana alhamza shiga akwatin gaba ɗaya. Mutum ya rubuta sunan da aka raɗa masa ranar suna, da rago da goro da shaidu, manhaja ta ce masa sunan ba daidai ba ne. Wani kuma sai ya ce zai riƙa tace rubutun, duk alhamzar da ta zo ya sa mata kariya. Masu harshen PHP sun taɓa ɗaukar wannan shawara a madadin kowa da kowa. Suka sa harshen yana cusa karkatacciyar sanda gaban kowace alamar zance da ta shigo daga waje, ba tare da an tambaye shi ba, suka kira abin da sunan sihiri. Sakamakon: Sa\'idu ya cika shafuka, wani wurin ma da sanda uku in rubutun ya bi ta hanyar sau biyu, kuma ɓarayi ba su daina shiga ba, domin ba kowane rumbu ne yake fahimtar sandar ba, ba kuma kowane hari ne yake bukatar alamar zance ba. A 2009 suka ce a daina amfani da shi, a 2012 suka cire shi ɗungurungum. An gudu ba a tsira ba.

Na ambaci ɓarayi, bari in yi muku bayani da abin da kowa ya sani. Ku ɗauka Sarki ya kira Sanƙira ya ce, je kasuwa ka yi shela, ka ce Sarki ya ce wane ya zo fada gobe, sunan kuwa ka tambayi mutumin can da ke zaune a ƙofa. Sanƙira ya je ya tambaya. Mutumin ya gyara zama ya ce, sunana "Tanko ya sha zamansa, an kuma yafe harajin bana, sannan Audu". Sanƙira ɗan liƙe ne, bai ga abin tambaya ba. Ya shiga kasuwa ya ɗaga murya: Sarki ya gaishe ku, ya ce Tanko ya sha zamansa, an kuma yafe harajin bana, sannan Audu ya zo fada gobe! Kasuwa ta kaure da guɗa. Babu wanda zai iya gane inda maganar Sarki ta tsaya da inda ta mutumin ƙofa ta fara, domin duk da murya ɗaya suka fito. Haka wanda ya rubuta ' OR '1'='1 a akwatin sunanka yake yi. Ya rufe zancenka da alhamzarsa, ya ƙara sharaɗin da kullum gaskiya ne, rumbu ya juye masa duk abin da ke ciki.

Maganin ba tacewa ba ne. A aika umarni daban, da gurbi a inda suna zai shiga, alamar tambaya kawai. Rumbu ya feɗe umarnin, siffa ta tabbata, sannan suna ya biyo ta wata hanya a matsayin kaya, ba a matsayin magana ba. Duk abin da mutumin ƙofa ya rubuta, ko shafi guda ne, rumbu zai je ya nemi mai wannan dogon sunan, bai same shi ba ya dawo ya ce babu. Sa'idu kuwa ya wuce da alhamzarsa ba wanda ya tare shi.

Wannan ba sirri ba ne. Tun watan Disamba na 1998 Jeff Forristal ya bayyana dabarar a mujallar Phrack, fitowa ta 54. A 2007 mai zanen barkwanci Randall Munroe ya yi zanen wata uwa da ta raɗa wa ɗanta suna mai ɗauke da umarnin goge rumbu, makarantar yaron ta rasa sunayen ɗalibanta, kuma har yau in masu sana'ar suka haɗu sai wani ya tuno da yaron. An yi dariya, an koma an ci gaba da liƙe. A 2008 ta wannan ƙofa aka shiga kamfanin Heartland na Amurka, mai sarrafa biyan kuɗi da kati, aka kwashi lambobin kati kusan miliyan 130, kuma Albert Gonzalez ya sami ɗaurin shekara 20 a 2010. Ƙungiyar OWASP, mai jera manyan haɗurran manhajojin intanet guda goma, ta sa irin wannan cushe a lamba ta ɗaya a 2010 da 2013 da 2017. A ƙarshen Mayun 2023, shekara kusan ashirin da biyar bayan rubutun Forristal, gungun Cl0p ya bi ta irin wannan tsaga a manhajar MOVEit ta aika fayil, ya taɓa kamfanoni da hukumomi fiye da 2,000, har bayanan ma'aikatan BBC da British Airways. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, an sani. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, wannan bangon da tsagarsa aka gina shi.

Yanzu ga Dakta ya gyara gilashi. Tun ɗazu yake murmushi, wai shi wannan duk bai shafe shi ba. "Ni ba na hulɗa da intanet. Ƙididdiga nake yi a R, a kwamfutata, ƙofa a kulle. Wane ɓarawo?"

Dakta, kai ɓarawonka yana cikin ɗaki. Kana da ginshiƙai ashirin a teburin bayananka, kana son gwada kowanne, sai ka haɗa sunan da paste, ka wuce da shi ta parse, ka ƙare da eval. Wata rana ɗalibinka ya kawo tebur mai ginshiƙi da ya sa wa suna farashin gero, da tazara a tsakiya. Feɗewa ta tsaya, an yi sa'a, ka ga kuskuren. Wata rana kuma sunan ginshiƙin kudi-shiga ne, da karan ɗori, kuma aka yi rashin sa'a akwai wani ginshiƙi kudi da wani shiga. R ba zai ce uffan ba. Zai ɗebe shiga daga kudi ya ba ka lambobi masu kyan gani, ka zana su, ka kai taro. Da ka ce as.name, da sunan ya zauna abu guda ko da me ke cikinsa, ka saka shi cikin call ka gina lissafinka. Akwai kuma wata ɓarna ta shiru: lamba in ta bi ta paste, lambobi 15 kawai take fita da su. Ɗaya bisa uku da ya shiga rubutu ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba, tambayi R da kanka zai ce maka ba daidai suke ba. Dubu ɗari kuwa, 100000, in ka ba paste sai ya miƙo maka 1e+05, ka je ka nemi wannan a rumbu a matsayin lambar rajista. Thomas Lumley, ɗaya daga cikin masu kula da harshen R, tun 2005 ya faɗi wata magana da mutanen R suka adana suna maimaitawa, ma'anarta ita ce in ka ga amsarka ta zama parse, to yawanci tambayar ce ke bukatar a sake duba ta.

Injiniya, kai ma kada ka sulale, na gan ka. Kai mutumin SymPy ne, mai warware aljabra da Python. A lissafin ƙarfin bim na gini, kowane injiniya ya san E sau I: taurin abin da aka yi bim ɗin da shi, sau yanayin yankan jikinsa. Ka rubuta "E*I" a zare ka ba sympify. A wurin SymPy, E ita ce lambar Euler, 2.718 da 'yan kai, I kuma tushen murabba'in ɗebe ɗaya ce, lambar da masana lissafi da kansu suke kira ta ƙage. Ya karɓa hannu bibbiyu, bai yi gardama ba, benenka ya tsaya kan lambar ƙage. In ka yi tuntuɓen yatsa ka rubuta sine a maimakon sin cikin zare, ba zai tsawata ba, zai ɗauka wani sabon aiki ne ka ƙirƙiro, ya ci gaba da jan sa har ƙarshen lissafi. A kod na sosai, nan take Python zai ce bai san wannan sunan ba. Mafi cin rai: ka ayyana x ka ce lamba ce da ta fi sifiri, sannan ka kawo "x**2" daga zare, ka ce a fitar maka da saurin canjinsa game da x. Amsa sifiri. Me ya sa? Domin x ɗin cikin zare wani x ne daban, sunansu ne kawai ɗaya. Su kansu masu SymPy sun rubuta a littafin jagorarsu cewa a guji shigar da lissafi ta zare, kuma sun yi gargaɗi cewa sympify da eval yake aiki, kada a ba shi rubutun da ba a san asalinsa ba.

Ga kuma wanda na fi so. Kana da "exp(x) + max(x, 1)", kana son mai da x ya zama y. Ɗan liƙe ya ce wannan ai sauƙi, a musanya harafi. Ya sami eyp(y) + may(y, 1). Allah ya ba da lada. A bishiya kuwa x ganye ne, exp reshe ne, subs ya bi ganyaye ya canza su bai taɓa sunan kowa ba.

Hajiya ta ɗago kai a ƙarshe, kuma na san ba da wasa ta zo ba. Ta ce abu uku. Na ɗaya, ginin bishiya dogon surutu ne, abin da za ka rubuta a layi ɗaya kowa ya karanta ya gane sai ya zama layi bakwai na aiki cikin aiki. Na biyu, shi SQLAlchemy ɗin da nake yabo, a ƙarshe me yake aika wa rumbu in ba zare ba? Na uku, ko a SymPy, in za ka ayyana E da I ai sunayensu a zare kake ba symbols.

Hajiya, ranki ya daɗe, na farkon kin fi ni gaskiya, kuma zan ma ƙara miki harsashi. A SymPy in kika rubuta x + 1/2 kai tsaye, Python zai riga SymPy ganin 1/2 ya mai da shi 0.5, rabin nan mai tsabta ya tafi, sai kin ce Rational. A zare kuwa rabi yake zama rabi. Nan liƙe ya ci. Akwai kuma umarnin SQL masu sarƙaƙiya da in aka gina su da kayan gini, wanda ya gina ma ba ya gane su bayan sati biyu, kuma abin da injin ya fitar wani lokaci ya fi wanda gwani zai rubuta da hannu nauyi. Umarnin da ba ya canzawa, wanda siffarsa ɗaya ce kullum, rubuta shi a SQL tsantsa da gurabe, ba wanda zai ce kin yi laifi. Rigimata da wanda yake haɗa siffa lokacin da manhaja ke gudana, daga guntayen da bai san me za su ƙunsa ba.

Na biyun kuwa, e, zare ne yake fita a ƙarshe. Amma wuri ɗaya ne yake fitar da shi, mafassari ɗaya da dubban mutane suka yi shekaru suna gwadawa suna gyarawa, wanda ya san inda baka ke shiga, ya san yadda ake kare sunan ginshiƙi, ya san PostgreSQL yana cewa LIMIT, SQL Server yana cewa TOP. A manhajar ɗan liƙe kuwa kowane layi mai alamar tarawa mafassari ne mai zaman kansa, wanda aka rubuta da ƙarfe biyun dare. Na ukun: suna a zare ba laifi ba ne, ai suna rubutu ne. Laifin a ba zare damar faɗin me ke ƙarƙashin me. Kuma ki lura da ribar da ba a gani. In kika canza sunan wani abu a manhaja, editanki zai bi duk inda aka ambace shi a kod ya gyara, mai duba nau'i zai kama wanda ya kuɓuce. Abin da ke cikin alamun zance kuwa sau da yawa ido rufe suke wuce shi. Sai ranar da mai amfani ya danna maɓallin da ba a cika dannawa ba.

Su ma masu ƙera harsuna sun ji kukan Hajiya, shi ya sa suke ta neman hanyar da za a rubuta abu ya yi kama da zare a ido, amma ya zama gini a ciki. A R akwai bquote: ka rubuta lissafinka yadda ka saba, ka bar gurbi, abin da ka saka a gurbin ya shiga a matsayin reshe guda. JavaScript ya sami irin nasa a 2015. Python ya fara da ɓata ku tukuna, a 2016 ya kawo zare mai f a gaba, wanda ya sa liƙe ya yi daɗin da bai taɓa yi ba. Sai a Oktoban 2025, a fitowa ta 3.14, ya kawo mai t a gaba. A ido bambancin harafi ɗaya ne. Amma mai t ba ya narkar da komai, yana miƙo maka abin da kai ka rubuta a gefe, abin da baƙo ya kawo a gefe, wanda zai karɓa ya san wanne ne wanne. Java ta gwada nata a fitowa ta 21 da ta 22, masu harshen suka duba suka ga tsarin bai kwanta musu ba, suka janye shi kafin ta 23. Ko manya ma abin yana ba su wuya, saboda haka ban ce ku ji kunya ba. Kaɗan dai.

Saura Malam na can baya, wanda ya taɓe baki tun farko, kuma har yanzu bai sake shi ba. Na san abin da yake riƙe da shi, domin shi ne makamin ƙarshe na kowane ɗan liƙe: "Shekara da shekaru ina yin haka, ba abin da ya taɓa faruwa."

Allah gafarta Malam, a watan Oktoban 2015 aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila ta wannan hanya, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000. Shafukan da aka bi ta cikinsu tsofaffi ne, kamfanin ya gaje su ne lokacin da ya sayi harkar Tiscali ta Ingila a 2009, suna nan zaune shekara shida. Hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam 400,000 a 2016. Da ta bincika, sai ta gano an riga an kai hari ta wannan tsagar sau biyu kafin babban, ɗaya a Yuli, ɗaya a farkon Satumba, kamfanin bai ma sani ba. Da ka je ka tambaye su a watan Agusta, Malam, da amsar nan taka za su ba ka.